Tambaya ga masu kallon besbol: ƙungiyar da ba ta hawa ba ta sauka, mi ake zuwa kallo?

Dan_Maradi_GSO

Assalamu alaikum jama'a. Wata tambaya gare ni ga 'yan uwa da sunka daɗe ƙasar ga, musamman waɗanda sunka san wasan besbol, dan ni dai kaina ya ƙulle.

Shekarata shidda Greensboro, kullum in na biyo ta tsakiyar gari da marece ina ganin hilin ga na ƙungiyar besbol ta Grasshoppers an kunna hitilu mutane na layi da ƙananan diya, ban taɓa ko tsayawa ba, ni da wasan da ban san kanshi ba. To shekaranjiya yarona mai shekara tara ya komo daga lakkwal da tikiti biyu, wai kyauta ce anka ba su dan sun karanta littattafai da yawa, tun ranar bai bari na sha ruwa ba wai sai mun tahi. Na tambayi wani bature da muke aiki tare wurin sito, ya ce mani ai wagga ba babbar ƙungiya ba ce, ta yaran Pittsburgh ce, ƙaramin lig suke. Na ce to in sunka ɗauki kofi bana sai su hau babban? Ya yi dariya ya ce ko wasa ɗari sunka ci a jere nan za su zamna. Na ce in sunka yi na kashin baya hwa? Ya ce nan dai za su zamna. Abin da ya ida kashe ni, wai duk yaron da ya hwara haskawa sai a ɗauke shi a kai shi wani gari ko da tsakiyar kakar wasa ce, ko da ƙungiyar na tsaka da neman kofi, kuma ba mai cewa uffan.

To dan Allah mi ake zuwa kallo? Mu da munka tashi da kokowa, in ɗan jiharmu na neman takobi duk garin ba mai kwana, in anka kada shi ko tuwo ba ya ciwuwa. Wanga kuwa ba hawa ba sauka, gwanin naka ma ba naka ba ne. Na biyu, wurin ya dace a kai yaro? Akwai abin da musulmi zai ci? Kuma naga wasan marece ne, magariba za ta iske mu ciki.

Kanon_Dabo_614

Wa alaikumussalam. Hhhh dan Maradi kungiya sunanta FARA amma kake tambayar ko akwai abinda zaka ci? ai kawai ka tafi da mai da yajinka.

Maganar gaskiya ni dai an taba jana naje kallon Clippers anan Columbus sau daya kuma daga shi na rufe, mutum tara sun watsu a fili sunyi cirko cirko kaman masu jiran a daidaita sahu, daya ya jefa, dayan ya kalli kwallon ta wuce, a sake. wlh kafin a kai rabi nayi gyangyadi har yaron makocina ya daukeni hoto. Kwallo fa sai da fargaba, shekarar 2022 da Pillars ta fadi daga firimiyar Najeriya ina nan Ohio amma kwana biyu ban iya magana da mutane ba, da ta dawo 2023 har shinkafa na dafa na raba. wannan shine wasa. Ka kai yaro dai tunda kyauta ne, amma kaje da filo.

Bazazzagi73

Bakano in dai ba kasuwa ake ci a wuri ba ai dole ka yi barci, ba laifinka ba ne, haka Allah ya yi ku. Bari in amsa wa mai tambaya.

Ɗan uwa ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, ka yi haƙuri in na yi tsawo. Ni a garin nan da kake na fara ganin besbol. 1980 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo karatun noma a jami'ar A&T ya taho da mu ina ɗan shekara bakwai, gidan da muka kama ba nisa da tsohon fili War Memorial na titin Yanceyville, wanda aka gina tun 1926. Lokacin sunan ƙungiyar Hornets kuma yaran Yankees na New York ne. Baba shi ma bai san wasan ba, abin da ya sani shi ne wuri ne mai araha da za ka kai yara uku su yi ihu su gaji su yi barci ya samu ya yi karatu. To shi ya yi digirinsa ya fita, ni kuma cutar ta kama ni. Mun koma Zariya 1984 da safar hannuna guda ɗaya a akwati, a Samaru na rasa wanda zai jefo min ƙwallo sai bangon gidanmu, har na dawo nan jami'a a 1992. Yau shekarata 52 ban warke ba.

Baturen nan gaskiya ya faɗa maka, sai dai ya ba ka rabi. Ka ɗauki Grasshoppers a matsayin uwar riƙo. Yaran ba nata ba ne, uban yaran yana Pittsburgh, shi ya ɗauko su, shi ke biyansu albashi da su da kocinsu, shi ke cewa wane ya buga yau wane ya huta, wane jifa 70 kawai zai yi a cire shi ko da wasa ya yi zafi. Mai ƙungiya na nan garin nasa shi ne fili da tikiti da abinci da nishaɗi. Manyan ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana da gidajen riƙo huɗu hawa-hawa, shi ya ba da 120. Na Pirates, wato ƙungiyar Pittsburgh: Bradenton a Florida shi ne na ƙasa, sai ku Greensboro, sai Altoona, sai Indianapolis, daga nan sai Pittsburgh. Ƙungiya ba ta hawa, yaro ne yake hawa. In ka riƙe wannan to ka gama fahimtar komai, saura sai jin daɗi.

Ka ce gwaninka ba naka ba ne. Haka ne, amma kai ka gan shi yana rarrafe. A 1993 akwai wani siririn yaro ɗan shekara 19 da ke tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku (cikin tasha huɗun da mai bugu ke zagayawa) a filin nan na Yanceyville, wallahi in ƙwallo ta nufo shi mu 'yan kallo sai mu riƙe numfashi, ko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ko ya cafe ya wurga ta saman kan mutum. Kuskure 56 ya yi a kaka ɗaya, har yau ana ba da labarin adadin. Akwai wani dattijo baƙar fata da muke zama layi ɗaya da shi, yana zuwa da takardarsa da fensir yana rubuta duk abin da ya faru, ni ina ta tsaki shi kuma yana cewa bar shi, ka kalli ƙafarsa kafin a buga, ka ga inda yake isa, waɗancan da ba sa kuskure ai ba sa ma kai wa ƙwallon. Yaron nan shi ne Derek Jeter. Shekara uku bayan nan ina zaune gaban talabijin yana ɗaukar kofin duniya da Yankees. A shekarar nan dai ta 1993 akwai wani ɗan Panama shiru-shiru da ya dawo daga aikin gwiwar hannu ana lallaɓa shi, Mariano Rivera, ba wanda ya san shi ne zai zama gagarabadan masu jifan da ake sawa su rufe wasa. Mutanen New York sun biya kuɗi masu yawa sun ga Jeter ɗin da ya nuna. Ni na ga ɗanyensa da kuɗin da bai kai na burodi biyu ba, kuma ba zan yi musaya da su ba.

Haka a 2008, lokacin an koma sabon filin da kake wucewa, an buɗe shi 2005, kuma uban yaran ya zama Marlins. Aka kawo wani ƙato ɗan shekara 18, Mike Stanton ake ce masa kafin ya koma Giancarlo. Sau 39 ya fitar da ƙwallo bayan katanga a kakar. Ƙarar gorarsa ma daban take, ko ka juya baya kana sayen gyaɗa ka san shi ne. Duk filin mun san ba zai sake shekara da mu ba, kuma ba wanda ya ji haushi, kamar dai a ce ɗan unguwarku ya samu tafiya karatu waje, za ka yi kewa amma ba za ka ce a hana shi ba.

Kada in yi maka ƙarya fa, irin su Jeter ɗaiɗaiku ne. Mafi yawan yaran da za ka gani ba za su taɓa taka babban fili ba, wani zai yi shekara uku a sallame shi ya koma garinsu ya zama malamin makaranta ko mai sayar da inshora. Kuma ni da na girma sai na ga su ne ma suka fi riƙe ni. Mai tare ƙwallo a bayan mai bugu, ɗan shekara 25, ya san an wuce shi, ya san an ajiye shi ne kawai don yaran masu tsada su samu wanda za su jefa wa, amma ya durƙusa a zafin Yuli awa biyu da rabi kamar duniya ta dogara da shi. Wannan ba ka ganinsa a talabijin. A ƙaramin fili kuwa da bai fi cin mutum 7,500 ba, kana jin numfashinsu, kana jin koci yana faɗa da alƙalin wasa, kana ganin uwar wani ta yi tuƙin awa tara ta zo tana ɗaukarsa a waya hannunta na rawa.

Sai kuma shirme, wanda shi ma rabin abin ne. Tunda mai ƙungiya ba shi da iko a kan wa zai buga, dole ya nemo abin da zai kawo mutane, shi ya sa sunayen ma kamar an ba yara su zaɓa. Akwai Biscuits a Montgomery, akwai Trash Pandas a Alabama, Yard Goats a Hartford, Jumbo Shrimp a Jacksonville, naku fara ai da sauƙi. Nan Greensboro a da, shekaru kusan goma, wata baƙar karya ce mai suna Miss Babe Ruth ke ɗauko gora in mai bugu ya yar, ta kai wa alƙali ƙwallaye a bokiti. Ɗan uwanta Yogi kuwa a 2009 ya tsuguna ya yi kashi a tsakiyar fili alƙalin wasa ya kore shi kamar ɗan wasa, har jaridu suka ɗauka. Baba da yana raye da ya ce to gorar nan sai an wanke ta sau bakwai.

Dokar wasan kada ta dame ka, yaronka zai koya maka. Mai jifa yana son ya wuce mai bugu sau uku, mai bugu yana son ya buga ya zagaya tasha huɗu ya dawo gida, in an fitar da mutum uku sai a yi musanya, a yi haka zagaye tara. Ka zauna kusa da rumfar 'yan wasa ta gefen tasha ta ɗaya ko ta uku, ku je da wuri kamar minti 40 kafin a fara, ka ba yaro biro.

Maman_Hanifa_BX

Sannu Yaya Bazazzagi, wlh ka tuna min da abin da na ɗauka na manta. Ni ba gwanar wasan ba ce har yau ban san me ya sa wani lokaci mutum yake tafiya tasha ta ɗaya a ƙafa ba tare da ya buga komai ba, amma zan amsa ɓangaren yara da abinci tunda maza kun tsallake shi kaman kullum.

Muna Bronx, filin Yankees ɗin ma a ƙafa muna iya zuwa, amma uwa mai yara huɗu ina za ta iya? Sau ɗaya babansu ya kai mu, muka zauna can sama kusa da tsuntsaye 'yan wasan kaman tururuwa, kuɗin ruwa da gugguru kaɗai ya isa cefanen kwana uku. Sai wata maƙwabciyata 'yar Dominika ta ce min ku je Staten Island mana, yaran Yankees ɗin suna can. Jirgin ruwan kyauta ne, minti 25, yara suna ganin gunkin nan na 'yanci ta taga suna ihu, kana sauka ga filin nan a bakin ruwa, kana zaune kana hango dogayen benayen Manhattan rana na faɗuwa a kansu. Shekara biyar duk hutun bazara nan ne yawonmu. Babban ɗana yana da ƙwallo uku da aka sa masa hannu, ba ko ɗaya da ya zama sananne a cikinsu amma har yau suna kan durowarsa ba mai taɓawa.

To 2020 korona ta zo ba a buga ko wasa ɗaya ba a ƙananan lig, kafin mu farga aka ce an rage ƙungiyoyin daga 160 zuwa 120, tamu na cikin waɗanda aka cire, lig ɗin nasu ma gaba ɗaya New York-Penn da yake tun 1939 ya tashi. Yanzu akwai wata a filin, FerryHawks, amma ba ta da uba a sama, cin gashin kanta take. Mun koma zuwa Cyclones a Coney Island, yaran Mets ne, kuma ashe lig ɗinsu ɗaya da naku na Greensboro. Da daɗi, ga teku ga lilo, sai dai tafiyar jirgin ƙasa ce mai tsawo kuma yaran sun girma.

Malam ɗan Maradi shawarata: ku ci tuwonku a gida ku ƙoshi kafin ku fita. A can gyaɗa da gugguru da soyayyen dankali da askirim sun ishe ku, naman nan na cikin burodi kar ku kusance shi sai ka tabbatar. Ka duba ranar da ke jikin tikitin, yawancin filayen nan daren Alhamis suke karya kuɗin giya, samari 'yan jami'a su cika wuri, ba ranar yara ba ce. Juma'a ko Asabar an fi yin wasan wuta bayan an tashi, Lahadi kuma da rana ake yi kuma wurare da yawa suna barin yara su shiga su zagaya tashoshin da gudu. Sallah kuwa ni da ƙaramar dardumata nake zuwa a jaka, in lokaci ya yi in samu lungu bayan kujeru in yi abina, ba wanda ya taɓa ce min kanzil, sau ɗaya ma wani mai gadi ne ya matsar min da kwandon shara.

Direba_Indy

Salam. Ni direban babbar mota ne, aikin nan yasa naga filayen nan sunfi ashirin, in lodi ya makale min a gari sai in duba ko akwai wasa, Toledo, Louisville, Des Moines, Tulsa har El Paso. So ina cikin masu so. Amma Alhaji Bazazzagi da girmanka ka dan shafa wa abin zuma da yawa, bari in fadi dayan gefen.

Arahar da muke jin dadinta a bayan wani take. Kafin 2021 yaro a matakin su Greensboro dala 290 ake bashi a sati, kuma watannin wasa kawai, atisayen bazara ba ko sisi, sanyi yazo ya tafi yana dakon kaya ko tukin tasi kamar mu. Shida bakwai a daki biyu kan katifar iska, ko a rabasu gidajen mutanen gari su rike su. 2018 har doka majalisar kasar nan tayi ta cire su daga tsarin mafi karancin albashi. Sai da tsofaffin yan wasa suka kai kara aka sasanta akan dala miliyan 185 a 2022, a shekarar aka fara basu wurin kwana, suka shiga kungiyar kwadago, 2023 aka sa hannu a yarjejeniya ta farko. Matakin Greensboro ya tashi daga dala 11,000 a shekara zuwa 27,300, na Indianapolis daga 17,500 zuwa 35,800. Yafi da, amma ka hada da na babban lig da mafi karanci ya haura dala 700,000. Kuma a daki daya zaka samu wanda aka bashi miliyoyi ranar daukarsa, kamar Paul Skenes da Pirates suka bashi miliyan 9.2 a 2023, kusa dashi dan Dominika ko Venezuela da aka dauko yana shekara 16 baya jin turanci yana tura rabin kudinsa gida. wannan na biyun ni shi nake yiwa tafi don na san rayuwar.

Skenes din na ganshi anan Victory Field, filinmu na Indianapolis, farkon 2024, wata daya da yan kwanaki yayi mana aka dauke shi, ku Greensboro ma tsallake ku yayi. Amma wanda bazan manta ba Gift Ngoepe ne, dan Afirka ta Kudu. Mahaifiyarsa aiki take a wani kulob din besbol a Randburg, a dan daki jikin kulob din ya tashi. Pirates suka dauke shi 2008, yayi ta jan kafa a kananan lig shekara kusan tara, hannunsa wajen cafe kwallo ba'a magana amma bugu ya ki, duk shekara sai kace bana zasu sallame shi. Ina zuwa musamman dominsa, in ya fito ina ihu AFRICA turawa na kallona. Ranar 26 ga Afrilu 2017 aka sa shi a Pittsburgh, mutum na farko haifaffen Afirka da ya buga babban lig, kuma zuwansa na farko ya bugi jifar Jon Lester na Cubs ya isa tasha ta daya. Ina wani wurin hutawar manyan motoci a Missouri na gani a waya, na fito ina zagaya mota ni kadai kaman mahaukaci. Bai dade a sama ba, wasanni kadan yayi da Pirates da Toronto, amma ya taka.

Kanon_Dabo_614

To naji, na Afirkan nan ya dan taba ni. Amma ku fada min gaskiya, ba wannan wasan bane akace bashi da agogo, wai an taba farawa da daddare har asuba ba'a tashi ba? Bazazzagi kai da ka saba zaman lakca a Samaru ba zaka ji komai ba, mu muna da shago da safe.

Bazazzagi73

Direba na karɓi gyara, gaskiyarka ce, kuma abin kunya shekaru ina zama a filin nan ban taɓa tambayar inda yaran suke kwana ba sai da na ga huɗu daga cikinsu a wani kanti da daddare suna haɗa canji su sayi burodi da man gyaɗa. Akwai ma al'adar da ke nuna maka halin da ake ciki: in babban ɗan wasa ya ji rauni aka turo shi ƙaramin lig ya gwada jikinsa na 'yan kwanaki, shi ke saya wa yaran abincin dare mai kyau, ranar kamar sallah ce a wurinsu.

Bakano labarin da ka ji gaskiya ne kuma a ƙaramin lig aka yi. 18 ga Afrilu 1981, Pawtucket da Rochester, a jihar Rhode Island. Wasan zagaye tara ne, in an yi kunnen doki a ci gaba har sai an samu mai ci. To aka yi ta yi, ga sanyi ga iska tana dawo da duk ƙwallon da aka buga sama, 'yan wasa har karyayyun gorori suke ƙonawa a durom suna jin ɗumi. Sai bayan ƙarfe huɗu na asuba aka samu shugaban lig ɗin a waya ya ce a tsaya, an yi zagaye 32, ci biyu da biyu, mutum 19 suka rage a kujeru. Aka dawo 23 ga Yuni aka ƙarasa cikin minti 18, Pawtucket ta ci uku da biyu. A cikin waɗanda suka kwana a filin akwai Cal Ripken da Wade Boggs, duka biyun sun zama manya daga baya. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin kujerar gaba a wasan ƙarshe na kofin duniya da in zama na 20 a daren nan, bargo kawai zan nema.

Amma kwantar da hankalinka, yanzu akwai agogo a kan mai jifa, 'yan daƙiƙu gare shi ya saki ƙwallo. A ƙananan lig aka yi shekaru ana gwada shi kafin a kai shi babban lig a 2023, ya rage tsawon wasa da sama da minti 20. Haka faɗaɗa tashoshin, haka na'urar da ke duba ko jifa ta shiga ko ba ta shiga ba, duk a kan yaran nan ake fara gwadawa. Awa biyu da rabi kun fito, shagonka ba zai yi kewarka ba. Kuma Clippers ɗin da ka yi wa barci, daga 1979 zuwa 2006 nan ne matakin ƙarshe na yaran Yankees, Jeter da Rivera duk ta Columbus suka bi. Zinare a ƙofar gidanka kana minshari.

Dan_Maradi_GSO

Jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka. Mun tahi jiya Juma'a, da Winston-Salem anka yi, ashe maƙwabta ne ko awa guda babu tsakani.

Alhaji na bi maganarka munka isa da wuri. Yaro ya tsaya bakin rumfa da biro hannunshi na kyarma, wani dogo mai lamba a baya ya taho ya sa mashi hannu a hula, ya tambaye shi sunanshi ya kasa hwaɗi sai ni na hwaɗa. Hajiya magariba na yi ta bayan wani shagon huluna, lahiya lau, gyaɗa kuwa mun ci har ta ishe mu, kuma wai ɓawon ƙasa ake zubarwa ba mai hana ka, nan na ji kamar ina tashar Maradi. Wasan kam rabi ban gane ba, sau biyu na tashi ina tabi ashe mu anka ci, wata tsohuwa kusa da ni ta jawo rigata ta zamnar da ni tana dariya, daga nan ta ɗauki aikin yi mani bayani har anka tashi. An cinye mu, ban ma riƙe ko nawa ba ne, kuma na duba huskokin mutane ban ga mai baƙin rai ba ko guda, kowa na jiran wasan wuta. Wanga har yanzu bai zamna mani ba, ba zan ɓoye maku ba, Bakano na da 'yar gaskiya.

Amma akwai wani ƙaramin yaro baƙi mai tsaron can tsakiyar hili, an buga wata ƙwallo sama na ce ta tahi, ya juya baya ya sheƙa da gudu ya yi tsalle jikin katanga ya dawo da ita cikin safa. Tsohuwar ta ce mani in kalle shi da kyau dan ba ya kai watan Agusta nan. Yarona ya rubuta sunanshi da lambarshi a bayan tikiti ya liƙa a hirji, da sahe kahin ya yi kalaci sai da ya sa na duba mashi a waya nisan Altoona daga nan. Awa bakwai ne da wani abu a mota. Direba in kana bi ta wajen ka hwaɗa mani hanyar da ta hi sauƙi.